Takalmin da Kofur Ilu Ya Goge

Tun da na dawo daga Doha 'yan majalisarmu ta bakin masallaci ba su bar ni na huta ba. "Malam Sabo, wai da gaske ne ba a ɗauke wuta a can?" "Wai har da kai a cin shinkafa da hannu gaban Larabawa?" Ni kuwa sai in ba su na dariya, in haɗiye sauran. To yanzu an shekara, wanda na raka ya riga mu gidan gaskiya, abin da na haɗiye kuma ya ƙi narkewa. Ga labarin nan gaba ɗayansa. Mai zagi ya zaga, ba zai kai yadda na zagi kaina ba.

Ni tsohon malamin tarihi ne, na ajiye alli na koma zaman gida a Kaduna. Wanda na raka kuwa Janar ne. Ba zan kama sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. Ya shiga soja yana saurayi, yaƙin basasa ya same shi yana manjo da bataliya a hannunsa, ya fito da ɓarɓashin ƙarfe a cinya, daga nan ya yi ta hawa har ya ajiye kaki yana janar. 'Ya'yansa ne suka ɗauke ni in rubuta tarihinsa. Shekara biyu ina fama, ga littafi ya kammala, an ma kama zauren da za a ƙaddamar da shi. Littafina na farko ke nan, ina da shekara sittin da biyu, kuma sunana na bango.

Babin da na fi ji da shi shi ne na bakwai. A ciki na ba da labarin yadda ya riƙa aika abincinsa na hafsa, madarar gwangwani da kifi, ga yaran wani garin bakin kogi da suka kama, yaran da yunwa ta kumbura wa ciki. A bakin iyalinsa na ji labarin. Ranar da na karanta masa babin bai ce uffan ba, ya yi ta kallon tagar falo. Na ce a raina, kawaici irin na manya.

Abin da aka gaya wa jama'a shi ne asibiti za mu, a duba masa zuciya da gwiwa, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ana gobe za mu tashi babban ɗansa, Alhaji Kabiru, ya ja ni bayan mota.

"Malam, akwai wani tsohon soja da Baba ya ji labarin yana can, shi ya sa ya nace sai Doha. Don Allah kada ka bari ya je ya zubar da girmansa gaban wani mai gadi. Kai ne babba a tafiyar nan."

Na ce, "Haba Alhaji, kwantar da hankalinka." Ko tambayar wane soja ne ban yi ba.

Daga Kaduna zuwa Abuja a mota, duk shingen da muka iso sai a leƙo, a ga wanda ke baya, a ƙame a sara. Ni ma da ke gefensa sai in ɗan gyaɗa kai, kamar da ni aka yi yaƙin. A Legas ma haka, wani ya ɗauki jaka, wani ya share hanya. To a filin jirgin Doha aka sauke mini wannan girman kai. Muka bi layi kamar kowa, Janar na dogara sanda. Da muka zo ƙofar nan mai ƙara, yana shiga ta ɗauki kuka. Aka ce ya cire agogo, ta yi kuka. Ya cire zobe, ta yi kuka. Na fusata, na shiga yi wa wani ɗan sanda da ko gemu bai gama fito masa ba bayani da Turanci da guntun Larabcina na allo, cewa wannan janar ne, ƙarfen yaƙi ne a cinyarsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yalla, yalla," wato in yi gaba. Janar ya taɓa ni da sanda.

"Malam Sabo, bar shi ya yi aikinsa. Da yarona ne da na ƙara masa igiya."

Ni kuma tawa jakar aka buɗe. Uwargida ta cusa mini daddawa a gwangwanin madara ba tare da ta gaya mini ba. Ma'aikacin na ɗaga murfi ya yi baya da sauri yana toshe hanci, ya kira wani, wannan ma ya kira wani. Na rasa yadda ake cewa daddawa da kowane harshe in ba namu ba, sai kwatancen tuƙa tuwo nake da hannu. A ƙarshe suka rufe suka tura mini abata da bakin biro, aka ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Masaukinmu otal ne kusa da bakin teku, hawa na tara. Duk inda ka duba ta taga gini ake, ƙarafan ɗaga kaya sun fi bishiyoyin garin yawa. Zafi kuwa, mu da muke taƙama da zafin Sakkwato sai mu yi shiru. Na shiga yin alwala na buɗe famfon sanyi, ruwa ya ƙone ni. Na buɗe na zafi, shi ne mai dama-dama. Ashe tankin saman gini rana ke dafawa, su kuma sun kashe na'urar dumama ruwa, ta zama randa. Kwana uku ina cewa masu aikin famfon ƙasar nan ba su san aikinsu ba, ashe ni ne baƙauye.

Balaraben da ya tsaya mana muka samu biza, wanda a can suke kira kafil, abokin kasuwancin Alhaji Kabiru ne, ya gayyace mu gidansa. Aka kawo gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, a zuba maka ɗan kaɗan a gindi. Ina shanyewa in miƙa kofi, sai a ƙara. A gida in ka miƙa ƙwarya an gama ke nan, a can kuwa sai ka girgiza kofin kafin a ƙyale ka. Ban sani ba. Sai da na sha goma sha ɗaya, zuciyata na bugawa kamar ta mai laifi, sannan Janar ya kama hannuna ya girgiza mini. Shinkafarsu da naman rago ba laifi, sai dai ba yaji, kamar an dafa wa mai jego da likita ya hana barkono.

Ranar Talata muka gama da asibiti. Likitan ya daɗe yana magana a hankali, abin da na fahimta dai shi ne zuciyar ta gaji, a koma gida a huta. Da muka dawo, bayan la'asar, Janar ya ce in rufe ƙofa in zauna.

"Babin nan naka na bakwai," in ji shi, "ka san wa yake kai abincin?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe.

"Kofur Ilu. Odalena ne, shi ke mini wanki da guga da girki, shekara uku. Ni na ce ya riƙa kai wa yaran, a ɓoye, don an hana. Sai wani na sama da ni ya zo rangadi aka kama Ilu da gwangwanaye a jaka. Aka ce yana ciyar da abokan gaba da kayan soja. Aka kira ni aka ce, da saninka? Ina jiran ƙarin girma a lokacin. Na ce ban sani ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Aka ɗaure shi a jikin ganga gaban bataliya. Ni na ba da umarnin bulalar da bakina. Aka cire masa igiya aka kore shi. Har aka gama bai kalli kowa ba sai ni. Shekara kusan arba'in ke nan, Malam. Ka ji abin da likita ya ce. Ranar Asabar za mu tashi. Ka nemo mini shi, in roƙe shi gafara da bakina kafin a tsayar da mu inda ba janar ba kofur."

In faɗi gaskiya, tun bai rufe baki ba abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne babi na bakwai.

Nemansa bai yi wuya ba, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. Akwai wani direban tasi da ke kai mu asibiti, Alhasan, mutumin zangon Kumasi, Hausarsa ba ta san mace ba sai namiji, motarsa ma "shi" ce. Ina ce masa Ilu tsohon soja sai ya buga sitiyari.

"Baba Soja? Kai Malam, wa bai san shi ba a Mansura? Shi ke sulhu in yara sun yi faɗa. Gobe in kai ka."

Ranar Laraba da azahar muka tafi. Unguwar Mansura ba Dohar da kuke gani a kalanda ba ce. Tsofaffin benaye, shanya a kowace taga, ƙananan kantuna, ƙamshin soye-soyen Indiyawa, ga Hausa na tashi a lungu kamar kana Sabon Gari. Muka hau bene na biyu. A ƙofar ɗaki takalma ne zube, na tuɓe nawa na ajiye a cikinsu, baƙin takalmi sau-ciki mai igiya da na saya don tafiyar, duk ya yi furu-furu. Ɗakin gadaje shida ne masu hawa biyu, kowa da labulensa. Gado ɗaya ne a gyare tsaf, bargo a miƙe ba ko lanƙwasa, a bakinsa wani dattijo siriri yana zaune da kakin masu gadi, bai daɗe da tashi daga aiki ba.

Muka gaisa, ya tambayi gida da damina. Bayan kora, ya ce, bai iya komawa garinsu ba don kunya, ya bi hanyar gabas, ya yi shekaru a Makka yana ɗan abin da ya samu, daga baya wani ya kawo shi nan gadin ma'ajiyar kaya. Da na faɗi wanda ya aiko ni sai ya miƙe tsaye, kamar an kira fareti, sannan ya lura da abin da ya yi ya koma ya zauna.

"Oga yana garin nan?"

"Yana nan. Ba shi da lafiya. Yana so ya gan ka."

Ya jawo tukunya ya zuba mini shinkafa da wake da mai da yaji, yajin gaske, ya ce in ci bari ya samo mana shayi. Ya fita ya daɗe, har na cinye na fara kallon hotunan 'ya'yan mutane da aka manna a bango. Da ya dawo da shayin nan nasu mai madara da citta, ya zauna ya ce:

"Ya gaya maka abin da ya faru?"

"Ya gaya mini. Gafara yake nema."

"To Malam, abin da ke tsakanina da Oga ba na ɗan aike ba ne. Gobe ina aiki wuni guda. Jibi Juma'a hutuna ne. Ya zo bayan masallaci, ina nan. Yaya ƙafar tasa?"

Na ce gwiwa ba ta lanƙwasuwa, ko salla a kujera yake yi. Ya gyaɗa kai. Da na fito na tarar da takalmina a gefe guda, an jera su, suna ƙyalli har kana ganin fuskarka. Na ce, "Kai, Baba, har da wahala?" Ya ce, "Sabo ne, hannu ba ya mantuwa." Na zura ƙafa na yi gaba, hankalina na wani wuri.

A tasi waya ta yi ƙara, Alhaji Kabiru ne, yana tambayar jikin Baba, yana gaya mini an buga katin gayyatar ƙaddamarwa, manya sun amsa za su zo. Amma kada in ɗora masa. Ko bai kira ba na riga na gama lissafina. In Janar ya hau benen nan ya durƙusa gaban mai gadi, a ɗakin mutum shida, ga Alhasan da bakinsa ba ya rufuwa, kafin mu sauka Kaduna labari ya riga mu. Babi na bakwai ya mutu, littafi ya mutu, shekara biyuna sun bi ruwa. Na riƙa gaya wa kaina wai zuciyarsa nake tausayi, wai hawa bene zai kashe shi.

Na same shi zaune a kujera ya fuskanci ƙofa, da carbi a hannu.

"Yaya, Malam?"

"Ranka ya daɗe, ba a dace ba. An ce ya daɗe da barin Mansura, wai ya koma wata gona a Umm Salal, daga can kuma ba wanda ya san inda ya yi."

Bai dubi fuskata ba. Kansa na sunkuye, na ɗauka baƙin ciki ne. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Je ka huta."

Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a ya sa farar babbar riga da hular da ya fi so, muka yi salla a masallacin kusa. Da muka dawo ya ƙi hawa ɗaki, ya zauna a zauren otal, sanda tsakanin ƙafafu. Ni kuwa zama ya gagare ni. Na ce ko mu je Al Wakrah ya ga jiragen masunta, an ce da kyau. Ya ce to. Na kira wata tasi daban, don kada Alhasan ya yi suɓul da baka. Muka je muka tsaya bakin ruwa muna kallon mutane na gyaran koma, warin kifi na dukanmu, ina ta zuba surutu a kan bambancin jirginsu da kwalekwalen Yawuri. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, sau biyu na mayar da shi zancen kifi. Aka kira la'asar, aka kira magariba, shi ke nan.

Sai da jirgi ya tashi da safiyar Asabar, garin ya koma kamar zanen yara a ƙasa, sannan ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Malam Sabo, dubi igiyar takalminka."

Na duba. Ni dai a gicciye nake zura igiyata, kamar kowa. Yanzu kuwa ga ta a miƙe layi-layi kamar matakan tsani, bakin a cuse ta ciki.

"Haka ake zura wa soja," ya ce, "don in an harbe shi a ƙafa a sa wuƙa sau ɗaya a yanke. Ƙyallin kan nan kuma da yawu da tsumma ake yin sa, ba da buroshi ba. Shekara uku yana goge mini takalmi. Kana shigowa na ga hannunsa."

Da ƙasa na kusa da na roƙe ta ta tsage in shige. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Amma me ya sa ba ka ce komai ba? Da ka daka mini tsawa ai da na kai ka."

"Na sani." Ya daɗe yana murza carbi. "Da ka yi ƙaryar nan, ka san abin da na ji? Daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, ba sai na kalli idonsa ba. Ranar Juma'a na zauna ina jira ka faɗa, ina kuma addu'a kada ka faɗa. Na tsallake kogi ana ruwan wuta, Malam, amma ƙofar ɗakin kofur ta gagare ni. Kai ka yi ƙarya, ni na ɓuya a bayanta. Kada ka ɗauka ka fi ni laifi."

Wannan magana ba ta rage mini komai ba. Mai raba abinci ta zo, muka ce mun ƙoshi.

Ya ce bayan azumi za mu koma, shi da ni, ba tare da sanin kowa ba. Bai kai azumin ba. An ƙaddamar da littafi bayan arba'in, zaure ya cika, aka sa ni na karanta babi na bakwai a lasifika, mata na share hawaye. Na karanta, ban canja ko wasali ba. Ku da kuka tafa mini ranar, ga abin da kuka tafa wa.

Sai da na yi wata biyu ina juya lambar Alhasan a 'yar wayata mai tocila kafin na kira, wata Juma'a da hantsi, na roƙe shi ya kai wa Baba Ilu wayar. Da Baba Ilu ya karɓa na gaya masa rasuwar. Ya yi salati. Sannan na gaya masa sauran, cewa ban isar da saƙonsa ba, ni na hana.

"Allah sarki," in ji shi. "Ni kuwa na ce ko jikin ne ya tashi. Na dafa shinkafa ranar, na ce yaran ɗaki su ba mu wuri. Har kujera na aro a kantin ƙasa, tunda ka ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Sai bayan magariba na mayar."

Na ce, "Baba, don girman Allah, ka yafe masa?"

"Malam, ai na gaya maka tun farko, ba maganar ɗan aike ba ce." Na ji yana jan numfashi. "Allah ya jiƙan Oga. Ka gai da gida."

Takalmin na nan ƙarƙashin gadona. Uwargida ta ce in ba zan sa ba in bayar, ƙura kawai yake sha. Na kasa sa shi, na kuma kasa kwance igiyar.